Mabel Tana Jan Hagu

Lahadi, 7 ga Satumba, 6:40 na yamma

Littafin nan na motata Mabel ne, ba nawa ba. Shekara goma sha tara ina rubuta iskar tayoyinta da lokutan da ta yi a fili, shi ke nan. Yau dai zan ɗan ja da tsawo, don akwai abin da ban gane ba, ni kuwa in ban gane abu ba ko abinci ba ya yi min daɗi.

Iska: gaba 30, baya 28. Fili a bushe, rana sosai. An jera robobin nan masu ruwan lemo da muke ratsawa a tsere a filin ajiye motoci na tsohuwar kasuwa, hanya mai kyau, ba wata dabara a ciki. Na taka ta da ƙafa sau biyu da safe kamar kullum. Amma zagaye huɗu na yi, na buge roba goma sha ɗaya. Kowace roba daƙiƙa biyu ake ƙara wa mutum, wato na yi wa kaina kyautar daƙiƙa ashirin da biyu. Wendell, yayan matata Lorna, wanda muke karɓa-karɓar motar da shi, ya shiga ita dai wannan Mabel ɗin, da waɗannan tayoyin, bai taɓa ko ɗaya ba.

Ga abin mamakin. Da na zagaya motar, duk tabon robar a gefen hagu yake. Gefen dama fes, kamar yau aka wanke shi.

A zagaye na huɗu an ɗaga min jar tuta. Wata mata ce sabuwar shiga, tana cikin masu tsayuwar tsince robobi, tunda a ƙungiyarmu wanda ba ya tuƙi shi ke aikin fili. Ta shiga gyara robar da na buge a baya, ta ga na taho, tana ta kaɗa tuta. Sun ce tsakanina da ita bai kai tsawon hannu ba. Ni dai gaba nake kallo, kamar yadda nake koya wa kowa.

Wendell ne mai kula da tsaro a bana. Ya jawo ni bayan tirela ya ce, "Orrin, me ya faru?"

Na ce, "Motar ce ke jan hagu."

"Ni ba ta ja ni ba."

"Kai ai tuƙin zuwa coci kake yi, yaushe za ka ji?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ba zai sa min hannu a tseren rufe shekara ba, ranar 5 ga Oktoba, sai ya san abin da ya faru. Shekara goma sha tara ban taɓa fashin tseren nan ba, har shekarar da aka cire min tsakuwa a ƙoda. Ina da sati huɗu in gano ciwon motar nan.

Litinin, 8 ga Satumba, 7:15 na safe

Na ɗaga ta a jak, na girgiza ƙafar hagu ta gaba. Ko motsi. Abin sha'awa.

Laraba, 10 ga Satumba, 1:00 na rana

Na kai ta saitin ƙafa. Mai shagon ya ɗora ta a na'ura, ya fito min da takarda duk kore. Ya ce da ma motocin da ake kawo masa haka suke, da ya huta. Na ce ya sake gwadawa. Ya sake, ya ƙi karɓar ko sisi a na biyun, yana min wani irin kallo.

Na'ura ai a tsaye take auna mota. Akwai ciwon da ba ya fitowa sai ana gudu, kowa ya san haka.

Lorna ta sake tayar da zancen Talatar nan ta watan jiya. Na ce kofi ne ya suɓuce min, kai ya ɗan sara na awa ɗaya, ya wuce. Ba zan rubuta zancen Talatar a nan ba, ba littafinsa ba ne.

Asabar, 13 ga Satumba, 4:30 na yamma

Na yi wuni a makabartar motoci ta Otis. Ina son wurin nan fiye da yadda ya kamata dattijo mai mutunci ya so shi. Kowace mota da labarinta a jiki: wannan barewa ta buge, waccan itace ya faɗo mata, wata kuwa ba ta da ko ƙwarzane, sai ka tsaya kana tunanin me ya kawo ta.

Akwai irin Mabel a layi na tara, fara, an daki bayanta, gabanta lafiya lau. Na kwance akwatin sitiyarinta gaba ɗaya. Otis ya zo ya tsaya a kaina da gwangwanin lemonsa, ya kira ni da sunan gidanmu.

"Tibbets, me ya samu naka?"

"Tana jan hagu."

"Akwatin sitiyari ba ya sa mota ta ja."

"Nawa ya sa."

"To, ranka ya daɗe, injiniya. Dala tamanin, kuma in ka dawo min da shi ba na karɓa."

Da zan fita na buga kafaɗa a ƙofar rumfarsa har sifana ta faɗi. Ya ce shekara talatin ƙofar nan tana wurin. Na ce to ta ƙara ƙiba.

Lahadi, 14 ga Satumba, 5:00 na yamma

Na sa akwatin. Hannuna duk ya farfashe. Na ji daɗin aikin, rabon da in ji daɗin wani abu haka an kwana biyu.

Talata, 16 ga Satumba, 6:10 na yamma

Ni da Wendell mun je filin cocinsu bayan an watse, muka jera galan-galan na ruwa guda takwas a madadin robobi. Na ratsa su sau uku. Na buge biyu, sai uku, sai biyu, duk da tayar hagu. Ya shiga ya ratsa sau uku, galan ko ɗaya bai motsa ba.

Na zauna a kan dakali ina ta lissafi. Wendell ya fi ni nauyi da kusan kilo ashirin, duk kuma a ciki. Zai yiwu nauyinsa ne ke danne ɓangaren direba ya gyara abin? Na faɗa masa. Ya ce, "Wato tumbina ne kanikanci?"

Sai ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Suruki, ka je ka ga likitocin nan da Lorna ke faɗa."

Na ce shokar hagu, mai tare wa mota gargada, nake zargi yanzu.

Alhamis, 18 ga Satumba, 8:00 na safe

Sabuwar shoka. Babu canji.

Alhamis, 3:20 na yamma

Wani abu: littafin nan ba a yanka shi daidai ba. Na duba shafukan baya-bayan nan, duk rubutuna ya gudu daga gefen hagu, ya bar fili kamar faɗin yatsa uku. Da can ba haka yake ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, 11:45 na safe

Na yanke shawara. Akwai ciwon motar da ba a ganowa, sai dai a rabu. Zan sayar da Mabel, in sayi wata kafin ranar 5. Akwai wata baƙa a garin da ke gaba, mil dubu casa'in kawai ta yi, wani likitan haƙori ne ya gaji da ita.

Na sa talla a shafin ƙungiya. Ni ban taɓa ɓoye wa mai saye aibi ba, ko tsatsar da ke ƙarƙashin kafet sai na ɗaga na nuna. Na rubuta: "Ƙirar 1994, ja, kujera biyu, giyar hannu, ba tsatsa. Kuɗinta dala 6,500, amma na bar ta 5,200 saboda tana jan hagu in ana gudu, kuma na kasa gano dalili."

Da na danna aikawa sai na ji kamar na sayar da ɗan'uwa. Na je gareji na zauna a cikinta na ɗan lokaci.

Asabar, 20 ga Satumba, 2:00 na rana

Mutum huɗu sun kira. Ɗaya yana so mu yi musaya da kwalekwale. Ɗaya ya tambaya ko tana ɗaukar kare babba. Wani kuma ya shafe minti ashirin yana min bayanin cewa birkin hagu ne ke kamawa, ni ma na ji daɗin hirar har na rubuta. Na duba birkin. Lafiyarsa ƙalau.

Wendell ya kira na biyar. "Ka sa motarmu a kasuwa ba ka gaya min ba?"

"Motata."

"Wa ke sayen tayoyi shekara goma sha tara?" Sai ya sassauta murya. "Orrin, ko motar shugaban ƙasa ka sayo, ba zan sa hannu ba. Ka ji ni?"

Na ce layin ba ya da kyau.

Litinin, 22 ga Satumba, 9:30 na safe

Madubin hagu na motar Lorna ya karye. Akwatin wasiƙar maƙwabcinmu na buga, ina fitowa zuwa sayen madara. Na biya akwatin.

Wannan ba Mabel ba ce. Na lura da haka. Na rubuta dai don a san na lura.

Laraba, 24 ga Satumba, 7:00 na yamma

Lorna ta ɗauke makullin motarta daga ƙusar da muke ratayewa. Ban tambaye ta dalili ba. Ta yi kek ɗin tuffa, abin da ba ta yi sai ranar haihuwa ko rasuwa. Na ce wa ya mutu. Ta tashi ta shige ɗaki.

Tsoro nake ji. To, na rubuta.

Asabar, 27 ga Satumba, 5:45 na yamma

Yau wata ta zo ganin mota. Da ta fito daga tata sai na gane ta: matar jar tuta ce. Sunanta Yolanda Pruitt, direbar bas ɗin makaranta, shekara ashirin da biyu a kan aikin. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Mista Tibbets, bar shi. Ai ni na fi kowa ganin motar nan kusa, shi ya sa na ce bari in zo in ga sauran jikinta."

Ta iya duba mota, ban yi zato ba. Ta kwanta a ƙasa da tocila, ta zare sandar mai ta shinshina, ta bi gefen ƙofofi da maganaɗisu tana neman inda aka yi ciko. Ta tambaye ni me ya sa taya ɗaya ta fi cinyewa ta ciki, na yi mata bayani, ta sake tambaya, na sake yi. Rabon da wani ya saurare ni haka tun kafin Talatar nan.

Ta ce za ta gwada ita kaɗai. Ta tafi minti ashirin, ina tsaye a bakin titi kamar mai jiran ɗansa ya dawo daga makaranta. Da ta dawo ta ce ta hau babban titi, ta saki sitiyari tana gudun mil sittin, motar ta miƙe sambal. Ta taka birki da ƙarfi sau uku, sambal.

Na ce sai a kwana ake ji. Ta ce ta sha kwana har cikinta ya juya.

Muna tsaye ina mata bayanin shoka, sai ta ce, "Ga makullinka." Na ce ina? Ashe tun ɗazu take miƙo min shi, tana tsaye ta hagu da ni. Na karɓa.

Sai muka shiga ciniki, kuma tunda nake ban taɓa ganin irinsa ba. Ta ce za ta biya 6,500. Na ce 5,200 na rubuta. Ta ce ta gani, 6,500 za ta biya. Na ce ba zan cuci mutum ba, motar tana da aibi. Ta ce ita ma ba za ta cuci mutum ba, motar ba ta da shi. Na ce to mu raba, 5,800. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta daina.

"Mista Tibbets, yara arba'in da biyu nake ɗauka kullum, kuma duk shekara biyu sai an duba ni kafin a bar ni in hau kujerar nan. In na karɓi ragin nan, na yarda ke nan motar ce ta kusa taka ni. Kai kuma ka sayi wata ka dawo fili, ni ina tsaye a wurin da tuta a hannu. Cikakken kuɗi ko in tafi."

Na ce to ta tafi. Ta rubuta lambarta a bayan takardar saitin ƙafa, wadda take duk kore, ta ajiye a kan kujera.

Raina ya ɓaci sosai. Ba don ta yi rashin kunya ba, ba ta yi ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, 8:20 na safe

Ban kira mai baƙar motar ba.

Lahadi, 4:00 na yamma

Na yi wani gwaji ni kaɗai a gareji, na rufe ƙofa. Na kafa ido a kan agogon bango, na miƙe hannu biyu gefe da gefe, ina kaɗa yatsu ina matso da su a hankali. Na dama tun daga nesa nake ganin su. Na hagu kuwa, sai sun zo gaban hancina. Na maimaita sau shida, na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan, don mai gwaji ba ya yarda da awo ɗaya. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne babu duhu a wurin, babu baƙi, babu hazo. Kamar dai ka tambayi mutum me yake gani ta ƙeyarsa.

Na shiga gida na ce wa Lorna ta kira likitocin.

Talata, 30 ga Satumba, 2:30 na rana

Lorna ce ta tuƙa. Na'urar tasu ta burge ni, da zan samu in buɗe bayanta in gani. Ka ɗora haɓa a kan wani ɗan dandamali, ka zura fuska cikin farin kwano, su ba ka maɓalli. Ɗan haske zai ƙyalla nan da can, in ka gani ka danna.

Ina ta dannawa, har ina jin ina cin jarrabawa. Sai ma'aikaciyar ta ce a hankali, "Ka danna duk sanda ka ga haske." Na ce ai ina dannawa. Akwai dogayen lokutan da na ɗauka na'urar ce ke hutawa.

Sun ba ni takarda mai da'ira biyu, rabin hagu na kowacce baƙi, likitan ya yi magana mai tsawo a kan Talatar nan da jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ya ce akwai hoton kai ranar Alhamis da wasu magunguna. Lorna ta rubuta komai. Na yi tambaya ɗaya, ko zan sake tuƙi, ya amsa ta da kalma ɗaya: a'a. A hanyar dawowa Lorna tana kuka tana tuƙi, na ce mata ta riƙa kallon gaba.

Laraba, 1 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na mayar wa Mabel akwatin sitiyarinta na asali. Ba laifin da ya yi.

Alhamis, 2 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Na kira Yolanda. Na ce 6,500. Ta ce, "Sannu, Mista Tibbets." Na ce ba sannu na kira ta yi min ba, ciniki na kira mu yi, kuma da sharaɗi: ranar Lahadi ta shigar da motar tsere, kada Mabel ta yi fashi. Ta ce ita fa sau ɗaya ta taɓa yi. Na ce dokar ƙungiya ta yarda sabon shiga ya ɗauki tsohon hannu a kujerar gefe. Ta ce wane tsohon hannu? Na ce akwai wani, bakinsa ba ya shiru, amma ya san hanya.

Na kira Wendell na faɗa masa. Ina jin yana share hanci. Ya ce zai sa hannu a wannan. Ya kuma ce in tambaye ta ko tana neman abokin karɓa-karɓa mai sayen tayoyi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, 6:50 na yamma

Iska: gaba 31, baya 29. Sanyi-sanyi, fili a bushe.

Na taka hanyar da ƙafa tare da Yolanda sau uku. Na haddace ta tsaf, na nuna mata inda za ta yi haƙuri da inda za ta taka wuta. Mutane suna ta gaishe ni da wata irin murya mai laushi, har na ƙosa a fara.

Na sa hular kwano na shiga ta ƙofar dama. Shekara goma sha tara, ban san kujerar nan tana da tauri haka ba. Mai tuta ya sauke hannu, muka tashi. Ina ihu: "Gaba, duba gaba! Haƙuri, haƙuri, yanzu, taka!" Wuraren shan kwana na dama ina ganin su, na hagu daga kaina nake karanto su, kuma ban kuskure ko ɗaya ba. Ta buge roba guda, ta ɓangarena, na gan ta sarai har tana tsalle.

Amma ba wannan nake son rubutawa ba. Tunda muka tashi har muka tsallake layi, ban ga kowa a motar ba. Ga gilashi, ga robobi, ga murya tana cewa "Wayyo, wayyo, ina, ina?", giya tana shiga da kanta, motar tana shan kwana ita kaɗai. Mutum guda cikakke, da hular kwano, kafaɗarta tana gugar tawa, kuma babu ita. Sai a lokacin na san da me na riƙa shiga filin nan, da titin unguwarmu inda yara ke hawan keke, sati biyar cur.

Da muka tsaya sai na juya kaina gaba ɗaya, har wuya ya yi ƙara, sannan na same ta. Tana ta haki tana dariya, hannunta biyu sun ƙanƙame sitiyari.

Ta ce, "Yaya? Ta ja hagu?"

Na ce, "A'a. Ba ta taɓa ja ba."

Daƙiƙa 61.4, da roba ɗaya. Gobe zan yage shafukan nan tun daga 7 ga Satumba, in ba Yolanda sauran littafin.